Maganar Mma Awawu a Kundin Majalisa

Akwai wata tsohuwa a Yendi ana ce mata Mma Awawu mai man kaɗe. Ku gyara zama. Kun san ni, ban ƙarasa makaranta ba, amma in na ɗauko labari ko mai digiri sai ya ajiye cokali.

Mma Awawu a kan kaɗanya ta tsufa. Tun tana budurwa take shiga daji tsinta. Yanzu ƙafa ta ƙi daji, sai dai ta saya a hannun mata, ta soya, ta kai niƙa, ta fitar da mai a tsakar gidanta.

Tana da labari guda da ba ta gajiya da shi. Wai shekarun baya an kwashi mata masu tsintar kaɗanya daga Salaga da Yendi da Bawku, aka kai su Accra gaban wani kwamitin majalisa, kuma ita ce ta yi maganar da ta sa manyan mutane suka yi tsit.

Kowa ya san ta je Accra. Amma matan da suka tafi tare, wasu sun rasu, wasu sun yi nisa. Sai 'yan unguwa suka ce ai rakiya ta yi, a waje aka bar ta tana gadin jakunkuna. In ta zo wucewa samari su ce, "Honorabul, an tashi daga zaman?"

Ta yi murmushi ta ce, "An tashi, 'ya'yana."

Bana sai mantuwa ta fara taɓa ta. Ta bar tukunya a wuta har ta ƙone. Wata rana ta kira surukarta da sunan ƙanwarta da ta daɗe da rasuwa.

Babban ɗanta Zulkarnain, mai shagon kayan babur, hankalinsa ya tashi. Ba mugu ba ne, amma irin mutanen nan ne da in sun yanke magana ba sa waiwaye. Ya ce za a kai ta Salaga gidan ƙanwarsa Asiatu, ta bar aikin wuta, a riƙa sa mata ido.

Mma Awawu ta ce, "A gidan nan na binne mijina, a nan nake sana'ata. Tukunya ce na manta, ba kaina ba."

"Mma, ba tukunya kaɗai ba ce. Wannan labarin majalisar fa? Kullum ƙara tsawo yake. Jiya har likita kika ba shi. Ya kalle ni, na kalle shi."

"To ƙarya nake yi?"

"Ban ce ƙarya ba. Tsufa ne yake haɗa miki mafarki da gaskiya."

Ya juya ga 'yarsa Mudassira, wadda take karatun malanta a Tamale, ta zo hutu. Ya ce, "Ke, ba ke kika ce duk abin da aka faɗa a majalisa ana rubuta shi, ana sa shi a intanet ba? Duba mana. In akwai sunan Mma, wallahi na janye maganar Salaga. In babu, ranar Juma'a bayan masallaci za mu tafi."

Mudassira ta zauna da wayarta a kan turmi. Ta shiga inda ake ajiye muhawarar majalisa da rahotannin zaman kwamitoci. Ta rubuta sunan kakarta. Babu. Ta haɗa da sunan mijin kakar. Babu. Ta haɗa da na mahaifin kakar, ta ƙara Yendi. Wayar ta yi ta juyi, ta dawo hannu wofi.

Zulkarnain ya ce, "Kin gani?" Bai yi dariya ba. Ya hau babur ya tafi shago.

Mma Awawu ba ta yi musu ba. Ta shiga ɗaki ta fara ninke zannuwanta ɗaya bayan ɗaya. Wannan shirun ne ya hana Mudassira sukuni.

Washegari da hantsi ta same ta tana ɗaure ludayi da ƙwarya a tsumma. Ta zauna kusa da ita.

"Kaka, tun ina ƙarama nake jin kin yi magana a majalisa. Amma ban taɓa tambayarki ba, me kika ce musu?"

Tsohuwar ta ɗago. "Ke ce ta farko da ta tambaya. Kowa da na fara sai ya ce ya sani."

"To ni ban sani ba."

"Maganar maciji na yi musu. Na ce kaɗanyar da ake shafa wa matan Turawa a fuska, mu da hannu tsirara muke laluba ta a cikin ciyawa. Na ce a ba mu takalman roba da safar hannu, a ajiye maganin dafi a ƙananan asibitoci, don kafin a kai mace babban asibiti a kan babur ta gama zubar da jini."

Mudassira ta zaro waya. Wannan karon ba ta rubuta suna ba. Ta rubuta maciji da kaɗanya da Turanci.

Takardu suka fito da yawa. Ta buɗe wannan, maganar haraji ce. Ta buɗe wancan, maganar fitar da kaya waje. Data ta ƙare, ta fita ta sayo, ta dawo. Har aka kira azahar tana kai. Ni da a ce ni ne, tun a takarda ta biyu na ce wayar ce ta lalace.

Can sai ga wani tsohon rahoton zaman kwamiti, an rubuta shi kalma da kalma. A ciki akwai wakilan mata daga arewa. Wanda aka rubuta ya yi magana a madadinsu namiji ne, Mista Wahabu Sumaila.

Babu sunan kakarta. Amma ta ci gaba da karantawa. Ta kai wani layi, ta tsaya, ta sake karantawa. Sai ta fashe da dariya har wayar ta kusa faɗawa cikin ƙwaryar mai.

Daidai lokacin Zulkarnain ya shigo cin abinci. "Ke, lafiya?"

"Baba, zauna ka ji. Ga abin da Mista Wahabu Sumaila ya faɗa wa majalisa." Ta gyara murya tana fassarawa. "Ranka ya daɗe shugaba, ina da cikin wata bakwai kububuwa ta sare ni a hannun dama."

Zulkarnain ya ce, "Wa ke da cikin?"

"Mista Wahabu."

Ta ci gaba. "Mijina ya goya ni a keke har Yendi. Ni na rayu, abin da ke cikina bai rayu ba. Ina da goyo a gida, ɗan farina, nonona ya ƙafe, da koko aka raine shi."

Dariya ta mutu a tsakar gidan. Zulkarnain ya kalli hannun mahaifiyarsa, inda ɗan yatsa guda ya lanƙwashe tun yana yaro. Shi ne ɗan farin. Bai taɓa sanin an yi masa ƙani da bai zo duniya ba.

Mma Awawu ta matso kusa. "Wahabu! Shi ne yaron, mai dogon wuya, ɗan Bawku. Shi yake juya mini magana zuwa Turanci."

Mudassira tana da ƙawa 'yar Bawku a makaranta. Ta tura mata sunan. Kafin la'asar sai ga lamba. Ashe mutumin yana nan, yanzu dillalin albasa ne.

Aka kira, aka sa kowa yana ji. Mudassira ta gaishe shi, ta ce, "Baba, kai ne ka gaya wa majalisa kana da cikin wata bakwai?"

Sai wata irin dariya ta ɓarke a wayar. "La ilaha illallahu! Mma Awawu ta Yendi! Tana raye?"

"Ga ta tana jin ka."

"Mma, ina wuni? Kin san abin da kika jawo mini? Abokan aikina har na bar wurin suna tambayata yaushe ne suna!"

Mma Awawu ta ce, "Kai ka ce komai na faɗa haka za ka faɗa."

"Haka aka koya mana aikin. In mai magana ya ce ni, kai ma ka ce ni." Ya tsagaita da dariya. "Wa ke kusa? Ɗanta? Malam, ka saurare ni. An miƙa wa mahaifiyarka makirfo ta ture shi. Ta ce ita ba a yi mata tarbiyyar ɗaga murya gaban manya ba, ta gaya mini, ni in gaya musu, kamar yadda ake yi a fada. To masu rubutu wanda suka ji a makirfo suke rubutawa. Sunan nawa ne, amma ko kalma ɗaya ba tawa ba ce. In na rage wani abu sai ta mintsine ni a cinya. Ba ta jin Turanci, amma tana gane in magana ta yi gajarta. Na ga wani babban mutum ya cire tabarau yana share ido."

Bayan an kashe waya, Zulkarnain ya sauko daga kujera ya durƙusa a gabanta.

"Mma, ki yafe mini. Ba inda za ki. Mantuwar za mu kai ki a duba, in kina aikin wuta wani ya zauna kusa. Amma a nan, a gidanki."

Ta dafa kansa. "Tsoro ne ya sa ka, na sani. Tashi."

Ta juya ga jikarta. "Ke, mai rubutun nan, ya san ni?"

"A'a, Kaka. Aikinsa kawai ya yi."

"Bai san ni ba, bai ga fuskata da kyau ba, amma ya zauna ya ajiye mini maganata duk shekarun nan. Allah ya ajiye masa tasa ranar da zai buƙace ta. Ke kuma da kika tambaye ni, Allah ya ba ki mai tambayarki."

Aka ce amin.

Ta gyara zama a kan tabarma ta ce, "To sake karanto mini daga farko. A hankali. Ubanki bai taɓa ji ba."

Darasi: Kafin ka yanke cewa tsohonka ya ruɗe, zauna ka tambaye shi me ya faru, ka saurara har ƙarshe. Rashin ganin suna a waya ba shi ne rashin gaskiya ba, wani lokacin mu ne ba mu iya nema ba. Mu gode wa iyayenmu tun suna ji, mu gode wa masu aikin adana maganar mutane da amana. Tura wannan ga duk wanda yake da tsoho a gida, yau ya je ya yi masa tambaya guda.