Kujerar Shuyin Da Ta Zama Dutse

Dalilin da ya sa 'yan wasan kwaikwayon ƙasar Sin ba sa ajiye komai a dandali sai teburi da kujeru biyu kuke son ji? To ku nutsu. Kai Tanimu, cire yatsa daga hanci!

A da ba haka abin yake ba. Kowace ƙungiya da amalankenta take yawo, cike da labulayen da aka zana wa duwatsu da koguna. Cikinsu akwai ƙungiyar wata mata mai suna Shuyin, taurin kai gare ta kamar kakarku. Ƙanenta Gan ne mai zanen, kuma ba ya barin ko wurin ɗora yatsa bai shafa masa fenti ba.

Wata rana suna tsallaka kogi za su bikin wani gari, kwalekwale ya kife. Mutane suka tsira, labulaye kuwa ruwa ya yi gaba da su. Ga shi wasan da za su yi ranar na hawan dutse ne. Dagacin garin ya ce, "Ba dutse, ba wasa. In kuka kasa yau, na ba wasu dandalin nan har abada." Dandalin kuwa tun kakannin Shuyin nasu ne.

Gan ya zauna yana kuka. "Yaya, mu koma gida kawai."

"Gida? Ko sama da ƙasa za su haɗe, sai na hau dutse yau. Tashi ka aro mini teburin mai shayi da kujerunsa."

Ta ɗora kujera a kan teburin. Jama'a suka kwashe da dariya, suna ihu, "Ina dutsen?" Ko kallonsu ba ta yi ba. Ta fara hawa a hankali, tana haki, tana laluben wurin sa ƙafa. Ta leƙa ƙasa, ta runtse ido kamar jiri ya kama ta. Dariya ta ɗauke. Can sai ta yi kamar santsi ya kwashe ta.

Dagaci ya yi zumbur ya miƙe. "Ku tare ta! Za ta faɗa kwazazzabo!"

Shuyin ta dube shi daga kan kujera. "Ranka ya daɗe, wane kwazazzabo? Ai cewa aka yi babu dutse."

Kunya ta rufe shi. Dandali ya zauna hannunta.

Gan ma ya ɗauki darasi. Daga ranar, in zai zana kogi sai ya zana ɗan kwalekwale kawai, ya bar sauran takardar fara fat.

Shi ya sa har yau a ƙasar Sin kujera kan teburi dutse ce, farar takarda kuma ruwa ce. Sauran aikin na idon mai kallo ne.