Maƙeri da Abin da Ya Narke

Akwai wani maƙeri a wani gari, ana ce da shi Jatau. A wurinsa duk abin da ya karye, wuta da guduma ne maganinsa. Abu mai taushi kuwa ba ya ganinsa da gashi, ko tuwo in ya yi ruwa sai ya tura wa jikoki.

Wata damina bangon maƙerarsa ya jiƙe, ya rushe masa a ƙafa, ƙashin ƙwaurinsa ya dagargaje. Maɗorin garin ya zo ya taɓa, ya girgiza kai ya ce, "Ɗori sai baki ya sami baki. Wannan akwai rata a tsakani, ya fi ƙarfina." Sai aka kai shi asibiti a birni, mutane suna ta raɗe-raɗi cewa yanke ƙafar za a yi. Jatau ya ji, tsoro ya kama shi.

Likitar da ta duba shi ta ce, "Baba, za mu sa ƙarfe ya riƙe ƙafar kada ta motsa. Amma ƙarfe ba ya zama ƙashi. Ratar nan, da wannan za mu cike ta." Ta nuna masa wani abu a 'yar kwalba, mai danƙo kamar jiƙaƙƙen ƙaro.

Jatau ya kalla, ya taɓe baki. "Haba 'yata! Ƙato kamar ni, wannan kunun ne zai ɗauke ni?"

"Ba zai ɗauke ka ba. Wuri zai ba ƙashinka ya tsiro a ciki. Masu yinsa sun lura da yadda ƙashin jariri yake farawa da taushi tun a cikin uwa, shi suka kwaikwaya."

Ya yarda, ba don ya gaskata ba, sai don ya fi tsoron wuƙa.

Aka yi aikin, ya koma gida ya kwanta. Aka yi girbi yana kwance, yana ta mita. Da lokacin komawa ya yi, aka ɗauki hoton ƙafar, likita ta tsaya tana dubawa. Jatau ya kasa haƙuri ya ce, "Abin naki yana nan?"

Ta ce, "Ya narke, Baba. Babu ko ɗigonsa."

Ya ce, "Dama na faɗa. To, yaushe za a yanke?"

Ta kawo hoton kusa da idonsa, ta sa yatsa a inda ratar take a dā. Ƙashi ya cike wurin daga wannan baki zuwa wancan. Ta ce, "Tashi ka taka."

Ya tashi a hankali ya taka, ƙafa ta ɗauke shi. Ya daɗe a tsaye, sa'an nan ya ce, "Ikon Allah! Abin nan ya gama aikinsa, bai ko tsaya a yi masa sannu ba?" Likita ta riga ta kira mai bi masa.

Ma'anar wannan misali ita ce, ƙashin da ya karye zumunci ne, na gida ɗaya ko na ikkilisiya. Ƙarfen shi ne doka da tsawatawar dattawa. Yana da amfani, yana hana ɓarna ta ƙaru, amma bai taɓa sa zukata biyu su haɗu ba. Abu mai taushin nan shi ne mai sulhu, wanda yake shiga tsakani da tawali'u, yana jin zafin wannan da na wancan, har ƙauna ta sake tsirowa.

Da yawa daga cikinmu muna son shiga tsakani, fita ce ba ma so. Sai ka ji mutum shekara da shekaru yana cewa, "Ba don ni ba, da har yau ba sa ga maciji." Ɗan'uwa, in har yanzu sai ta bakinka suke gaisawa, ratar tana nan, kai ne kawai ka zauna a ciki. Ranar da ka hange su suna cin tuwo a kwano ɗaya, ba wanda ya tuna ya aika a kira ka, ka gode wa Ubangiji, ka wuce gida.