Tuwon da Ya Jira Maroƙi

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta da kunnen basira.

Shekarar da fari ya ƙone gero, wata baƙuwar Fakara ta iso ƙofar Gafiya da 'ya'yanta uku. Kwana biyu ba su sa komai a baki ba. Gafiya kuwa rumbunta cike yake.

Fakara ta durƙusa ta ce, "Uwar gida, a taimaka mana ko da loma ɗaya ce."

Gafiya ta ce, "Loma? Ai akushi guda zan ba ku! Amma ku dakata a kira Zakara maroƙi. Wa zai yi kyauta irin wannan babu shaidu?"

Ku ji rashin imani! Tuwo na tururi a gabansu, ta rufe da faifai ta danne da ƙafa. Autan Fakara ya kife don yunwa.

Fakara ta ce, "Uwar gida, yaron nan zai mutu."

Gafiya ta ce, "Ya daure, jama'a sun kusa."

Maƙwabciyarta Bushiya, wadda ba ta da komai sai ƙanzo, ta leƙo ta danga ta yafito baƙin. Ta jiƙa musu ƙanzon, suka ci, suka sa mata albarka suka kama hanya.

Can sai ga Zakara, duk gari a bayansa, yana shela: "Gafiya na ciyar da mayunwata!"

Gafiya ta waiga, babu baƙi. Jama'a suka ce, "Ai mu ma mayunwata ne!" Suka wawashe akushi, suka zarce rumbu, ko ƙwaya ba su bari ba.

Shaidu ta nema, ga su nan ta samu.

Ƙurunƙus! Yau ba kan ɓera ba, kan Gafiya.