Gadon da Zulfa Ta Ɓoye

Akwai wani gida mai hawa uku a unguwar Aƙiƙ a Madina, ɗalibai mata suna kiransa Gidan 'Yan'uwa. Asalinsa 'yan mata shida ne Hausawa da suka rasa wuri a sakan, wato masaukin ɗaliban jami'a, shekara ashirin da bakwai da suka wuce. Suka kama ɗaki ɗaya, suna kwana a tabarma, suna girki da tukunya guda.

Ɗayarsu, Ƙaltume, da Allah ya buɗa mata, sai ta sayi gidan ta yi wakafinsa. Sharaɗinta ɗaya ne: muddin akwai gado, ba a mayar da ɗaliba. Duk shugabar da ta karya wannan, ita za ta bar gidan.

A bana shugabar gidan ita ce Zulfa, haihuwar Jidda, tana shekararta ta ƙarshe. Tana jin Hausa sarai, amma da Larabci take amsawa, musamman ga baƙi.

Ranar Lahadi da hantsi wata yarinya ta buga ƙofa da akwati a hannu. Sunanta Hajo, daga Maraɗi. Ta samu gurbin karatu kyauta, amma sakan ya cika. Mahaifinta Issoufou yana ɗaukar kayan alhazai a filin jirgi, a ɗakin ma'aikata maza yake kwana, ba inda zai ajiye ta. Ya ce idan mako ya ƙare ba masauki, sai dai ta koma gida.

Zulfa ta dubi takalmin robar da ke ƙafarta.

"Ma fi makan. Babu wuri."

"Yaya, ko a ƙasa ne zan kwana."

"Halas, magana ta ƙare, na gaya miki."

Alhali a ɗakin Zulfa akwai gado na biyu, ta jibge masa abayoyi da jakunkuna.

Hajo na juyawa, wata ɗaliba mai suna Afnan ta biyo ta bakin titi, ta yi ƙasa da murya. "Ki dawo Alhamis bayan La'asar. Kada ki tambaye ni dalili."

Kwana huɗu Hajo ta yi tana raɓe a gidan wata mata a unguwar Al-Awali. Mahaifinta har ya fara tambayar jirgin komawa.

Ranar Alhamis ta dawo. Ta tarar da falo cike da ɗalibai. Wata dattijuwa na zaune da sanda a gefenta. Hajiya Ƙaltume ce, ta zo duba gidan kamar yadda take yi farkon kowane zango.

Zulfa na ganin Hajo, ta ajiye kofin shayin da ke hannunta.

"'Yata, wa kike nema?" in ji Hajiya.

"Masauki, Hajiya. Na zo ranar Lahadi."

"Aka ce miki me?"

Hajo ta kalli Zulfa. Ta ga idonta ya kawo ruwa.

"An ce babu wuri. Ban shiga na duba ba."

Hajiya ta dogara sandarta ta miƙe. "To ni zan duba."

Ta bi ɗakuna ɗaya bayan ɗaya, 'yan mata na biye da ita. Ba ka jin komai sai ƙarar sanda a kan matakala. A hawa na uku ta tura ƙofar ƙarshe, ta sa bakin sanda ta ɗaga abayar da ke sama. Katifa ta bayyana.

"Zulfa, wannan fa?"

"Ya Hala, wallahi ni..."

"Da Hausa za ki amsa mini."

Zulfa ta durƙusa. "Na yi ƙarya, Hajiya. Ban so a haɗa ni ɗaki da ita ba."

"Kin san sharaɗi. Ki haɗa kayanki kafin Magariba."

Saura wa Zulfa wata uku ta gama karatu, ba ta da kowa a Madina. Ta fashe da kuka.

Sai Hajo ta matso.

"Hajiya, ki yi haƙuri in yi magana. Kwana huɗu na yi ban san inda zan sa kaina ba. Ba na yi wa kowa fatan haka. In ta fita saboda ni, gidan nan ya kori mutum biyu ke nan a mako ɗaya."

Hajiya ta juyo gare ta.

"Za ki iya zama ɗaki ɗaya da wadda ta wulaƙanta ki?"

"In ita za ta iya."

Hajiya ta karɓi makullan gidan daga hannun Zulfa ta miƙa wa Afnan. "Shugabanci ya ƙare. Zama kuwa, ki gode wa yarinyar nan."

Zulfa ta share hawaye, ta kama hannun Hajo. Ta ce, "Ƙanwata, ki yafe mini."

Hajo ta ce, "Ya wuce, Yaya. Ara mini wayarki in gaya wa Baba ya bar maganar jirgi."

Darasi: Amanar da aka ba ka ba mallakarka ba ce. Wanda ka rufe wa ƙofa yau, wataƙila gobe bakinsa ne zai hana a fitar da kai. Kuma in ka samu damar ramuwa, yafiya ta fi. Ku tura wa 'yan'uwa, musamman masu riƙe da makullin wani wuri.