Sunaye a Bangon Gwauruwa

A wani gari an yi wani magidanci mai son tsabta ƙwarai. Kowace shekara kafin Kirsimeti yakan sayo fenti ya shafe gidansa ciki da waje. Daura da gidansa kuwa akwai tsohon gidan wata gwauruwa. Fentinsa ya koɗe, ruwan damina ya bar masa baƙin zane daga sama har ƙasa. Duk safiya in magidancin ya leƙo ya gan shi, sai ransa ya ɓaci.

Sau biyu matasan ikilisiya suka zo za su shafa wa tsohuwar fenti, sau biyu tana hana su. Da magidancin ya ji, ya ce, "Ƙazanta ce kawai da taurin kai." Ya faɗa a bakin majami'a, ya faɗa a kasuwa, har ya kai ƙara wurin mai unguwa cewa gidan yana zubar da mutuncin unguwa. Mai unguwa ya ba da mako biyu: ko a gyara gidan, ko 'ya'yanta su mai da ita ƙauye.

Dattawan ikilisiya suka lallashi tsohuwar har ta yarda. Suka kuma roƙi magidancin ya jagoranci aikin, tun da ya fi kowa sanin fenti. Kunya ta hana shi ƙi.

Ran Asabar da safe aka taru da tsani da bokitai da burushi. Magidancin ya shiga zaure zai fara kankare bango, sai tsohuwar ta riƙe masa hannu, ta ce, "Ɗana, ka shafa ko'ina, amma ka bar mini wannan."

Ya ɗaga kai. Ashe abin da yake hangowa a bangon zauren daga ƙofarsa yana cewa dauɗa ce, sunaye ne, an rubuta su manya-manya da gawayi, na duk mutanen unguwar.

Ta ce, "Idona ya daina ganin rubutun takarda, mantuwa kuma ta fara kama ni. Nan nake zama da sassafe, in bi su ɗaya bayan ɗaya ina kai su gaban Ubangiji. Tsoro na ji kada yaran nan su shafe mini."

Yana bin bangon da ido, sai ya ga sunan 'yarsa Damaris, wadda ta kusa mutuwa da zazzaɓi shekara huɗu da suka wuce. A ƙarƙashinsa ga nasa sunan, ya fi sauran baƙi.

Ta ce, "Naka watan jiya na ƙara masa gawayi, da na ji kana fushi da ni."

Magidancin ya durƙusa a gabanta yana hawaye, ya ce, "Mama, na ɓata miki suna ban san ki ba. Ki gafarta mini."

Ta dafa kansa ta ce, "Na riga na yafe. Tashi, rana tana yi."

Ya fita ya faɗa wa jama'a laifinsa da bakinsa, ya aika a kira mai unguwa ya zo ya gani. Sa'an nan da izinin tsohuwar ya kwafe sunayen a takarda, ya shafe bangon fari fat, ya sake rubuta su da baƙin fenti, bai bar ko ɗaya ba. Kafin la'asar gidan ya koma sabo. Mai unguwa ya tsaya a zaure, ya ga nasa sunan, ya ce, "Muddin ina raye, ba mai ta da Mama daga nan." Mata suka rangaɗa guɗa, aka ɓarke da waƙar yabo, tsohuwa tana rawa da sandarta a tsakiyarsu.

To, ga ma'anar misalin nan. Gidan gwauruwar shi ne maƙwabcinka. Kai bayan bango kake gani, Allah kuwa yana ganin abin da yake cikin zaure. Akwai wanda ka yanke wa hukunci saboda tufarsa, ko shirunsa, ko kujerar da yake zama a sujada, alhali ba ka taɓa taka ƙofarsa ba. Wataƙila ma addu'arsa ce take riƙe da gidanka. Shari'a ta Ubangiji ce, bai ba ka ita ba. Abin da ya ba ka ƙauna ce. Ka je ka ƙwanƙwasa ƙofar nan cikin makon nan, ka nemi gafara, za ka ga yadda Yesu yake mai da tsohon abu sabo.