Barnaba da Zakkar Aro

Akwai wani manomi a Gummi mai suna Barnaba. Kakansa ne ya taso daga wajen Zuru ya zauna a garin. Shi kuwa nan aka haife shi, nan ya yi aure, in yana magana ba ka raba shi da sauran mutanen gari, sai ranar Lahadi ka gan shi da farar riga ya nufi coci.

Barnaba mutumin kirki ne, kada ku ce na ɓata shi. Ga ƙwazon noma, ga fara'a. Aibinsa ɗaya ne: hannunsa yana da saurin karɓa, amma wajen miƙawa sai an ɗan tura shi.

Mai turawar kuwa matarsa ce Tabita, uwar 'yarsu Godiya. Tun suna zaman hannu baka hannu ƙwarya, duk kwano na goma da ya fito daga gona sai ta ware shi ta ce na Ubangiji ne. Da Allah ya buɗa suka koma auna shinkafa da buhu, ba ta sake hali ba. Tana tsaye a masussuka da guntun gawayi, duk buhu na goma ta zana masa gicciye. Kaf fadamar babu wanda bai san wannan zanen ba.

A shekarar 2015 Barnaba ya yi noman rani da ɗan tsohon injin ban ruwa. Babbar gonarsa ta ba shi buhu ashirin, biyu suka sha gawayi. Sauran kuwa, aka sallami masu aiki, aka ba mai fili rabonsa, aka kai Godiya makaranta, abin da ya rage shi ne na ci har kaka. Buhunan zakka biyu suna jingine a zaure suna jiran Lahadi.

Ranar Alhamis injin ya yi tari sau biyu ya mutu.

Ga ƙaramar gonarsa ta bakin gulbi, wadda ya dasa a makare, shinkafar ta fara ɗaukar ciki. Duk wanda ya san zafin watan Afrilu a Gummi ya san kwana kaɗan ba ruwa ya isa ya mai da ita ciyawar shanu. Bakanike ya duba ya ce gyaran zai ci kamar buhu guda.

A hanyar komawa gida Barnaba ya tuna wata magana. Maƙwabcinsa a fadama, wani dattijo Musulmi mai suna Tanko, ya cire buhu biyu kacal daga cikin arba'in ranar da ya yi sussuka. Da Barnaba ya tambaye shi, sai ya ce a wurinsu in ruwan sama ya shayar da gona ɗaya cikin goma ake fitarwa, in kuwa da inji aka sha wahalar ban ruwa, ɗaya cikin ashirin ne.

Abin nema ya samu. Musulmi zakka yake cewa, Kirista ma a coci zakka yake cewa, ai ko shi ke nan. Ya shiga gida yana murmushi kamar wanda ya tsinci akuya.

"Maman Godiya, ashe ƙari muka zubawa ba mu sani ba. Zakkar noman rani ɗaya cikin ashirin ta. Buhu guda ɗai ad da Allah gare mu."

Tabita ta ajiye muciya. "Wa yac ce?"

"Malam Tanko. Kin san shi ba ya hwaɗin abin da bai sani ba."

"Baban Godiya, buhu guda na gidan Fasto na, guda na gwauraye. Hwaɗa mani wanda za mu hana, in tahi in shaida masu da bakina."

"Ke ba ki ganin gonar tana ƙonewa?"

"Ina gani. Raina ma ƙuna shikai. Amma abin da nir riga niz zana, ba namu na ba."

Ta faɗa a hankali, ta koma ga tuƙinta. Ta ji tsoron asarar gonar ƙwarai, don ita ta yi rabin dashen da hannunta. Amma ba ta janye ba.

Washegari da hantsi Barnaba ya ɗaure buhu guda a bayan babur, ya juya gefen zanen ƙasa, ya nufi kasuwa. Sai dai buhu ba ya rufa wa mutum asiri. Yana cin ramin farko buhun ya zame ya juyo da fuskarsa. Wa zai tsaya taya shi gyara ɗauri? Tanko.

Dattijon ya dubi gicciyen, ya dubi hanya. "Barnaba, cocinku ya tashi ya koma kasuwa?"

Barnaba ya yi 'yar dariya, ya kwashe labari ya faɗa masa, har da cewa ai da maganarsa ya yi hujja a gida.

Fuskar Tanko ta canza. "Da sunana kay yi wanga aiki?"

"Ai kai kac ce ɗaya cikin ashirin."

"Ni nic ce, kuma gaskiya ta. Namu ke nan, shi nika bi, ban taɓa ƙetare shekara ba. Kai mi naku yac ce?"

Barnaba ya sosa ƙeya. "Ɗaya cikin goma."

"To. Azumi talatin ba ka biyo mu ba. Tashin asuba cikin sanyi ba ka biyo mu ba. Sai wurin da kag ga sauƙi za ka shigo sahu? In mudunmu kaka so, ɗauke shi da kayanai duka. In ba ka iyawa, riƙe naka da kyau. Amma kak ka sa sunana cikin rowarka."

Ya hau kekensa ya wuce, ko waiwaye bai yi ba.

Kunya ta lulluɓe Barnaba. Da Fasto ne ya faɗa masa haka, da ya sami abin cewa. Amma wanda ya aro hujjar a wurinsa ne da kansa ya ƙwace abarsa a tsakiyar hanya.

Ya juya babur. Bai jira Lahadi ba, don ya san zuciyarsa, in buhun ya sake kwana a zaure wata dabarar za ta zo. Ya kai shi coci, ya dawo ya ɗauki na biyun ya kai. Sannan ya shiga gida ya ce, "Maman Godiya, kawo jarkoki."

Da jarka suka shayar da gonar. Daga gulbi zuwa fangali, daga fangali zuwa gulbi, sauran yinin Juma'a da na Asabar cur. Ƙasar tana shanye ruwan tun kafin su juya baya. Kafaɗar Barnaba ta saɓule, tafin hannun Tabita ya yi bororo. Masu wucewa suna cewa wahalar banza ce, kuma in don ta ido ne, sun fi su gaskiya. Gefen gabas ya bushe suna kallo.

Roƙon aron inji kuwa, a lokacin kowa nasa yana kan aiki. Wanda zai iya tambaya shi ne Tanko, shi kuma ba shi da idon da zai dube shi.

Ranar Lahadi bayan sujada suka sauya kaya suka koma. Tun daga nesa suka ji ƙarar inji ta wajen gonarsu. Suna isowa suka tarar da tiyo kwance a bakin fangali, ruwa yana bulbula cikin shinkafa. Tanko yana zaune a kan kunyar gona, ya naɗe ƙafar wando.

"Na gama nawa da sahe," in ji shi. "Ka riƙe shi hak ka yanke. Mai dai naka na."

Tabita ta ajiye jarka ta zauna a ƙasa, hawaye suna zuba, don daɗi da gajiya sun haɗe mata.

Da ƙyar Barnaba ya ce, "Malam, da mi za ni biyan ka?"

"Ba ka da abin biya. Na bi ta ƙohwar cocinku shekaranjiya, nig ga tsohuwa ta hito da ƙwarya cike da shinkahwa. Da ka saida buhun nan, aradu ko tiyo ba ni ara maka. Wanda ka rage ma Allahnai mudu, ni mi za shi bar mani?"

Ya miƙe ya kaɗe rigarsa. "Tashi ka buɗe ma ruwa hanya, gehen ƙasa na gonar yana jira."

Darasi: Bayarwa hali ce da ake ginawa kullum, ba ragowar da ake jira ta rage ba. Ware naka na goma tun farko, kai shi inda ya dace tun zuciya ba ta kawo maka dabara ba, kuma kada ka ari mudun wani don ka rage abin da ka yi wa Allah alkawari. Maƙwabta suna ganin yadda kake riƙe amanar Allah, da ita suke auna ka. In labarin nan ya taɓa ka, tura shi ga ɗan'uwan da buhunsa yake jingine a zaure har yanzu.