Kartar Duba da Ɗan Masaƙi

An ce wani sarki ya yi zamani a wata ƙasa ta bakin hamada, mutum ne mai yawan tsoron abin da gobe za ta haifa. Wata rana wani falke ya kawo masa waɗansu katuna masu zane: wannan da hoton rana, wancan da hasumiya tana rushewa, wani da mutum a rataye. Ya ce sunansu kartar duba, in an kife an buɗe sukan faɗi abin da ke ɓoye. Ran farko hoton mutuwa ya fito, kafin Juma'a ta zagayo ƙanen sarki ya rasu. Tun daga nan sarki bai ƙara yanke shari'a ba sai ya buɗe karta.

Ana nan aka kawo wani mutum, Tanimu, wanda ya tafi fatauci da abokinsa Nomau, ya dawo shi kaɗai. Dangin Nomau suka ce kashe shi ya yi. Tanimu ya rantse rabuwa suka yi a hanya. Sarki bai tura kowa bin sawu ba. Ya buɗe karta, mutum a rataye ya fito, aka rataye Tanimu.

Bayan wata huɗu ciwon ƙirji ya kama sarki, ga shi falken nan ya koma ƙasarsu. Tsoro ya hana sarki ci, ya hana shi buɗe karta da kansa. Waziri ya ba shi labarin wani tsohon masaƙi, Malam Jatau, wanda jama'a ke zuwa wurinsa neman shawara. Aka kira shi, ya zo ya faɗi ya yi gaisuwa.

Sarki ya miƙa masa katunan, ya ce, "Yi mini duba, ka gaya mini ko zan tashi."

Tsoho ya ce, "Ya sarki, wane duban? A unguwarmu in mace ta ce wa 'yarta duba tukunya, tashi take yi ta buɗe murfi. In an ce a duba mara lafiya, takawa ake yi har gidansa. Ban san duban da ake yi daga zaune ba."

Sarki ya ce, "Wannan na abin da ido bai kai gare shi ba ne."

Tsoho ya karɓa. Ya bi katunan ɗaya bayan ɗaya, ya zaro mutum a rataye, ya ajiye a gaban sarki.

"Allah ya ba ka nasara, da wannan zai fito a kanka, ka yarda a rataye ka?"

Ran sarki ya ɓaci, ya ce, "Takarda ta san abin da na aikata ne?"

"Haka ba ta san abin da ɗana ya aikata ba. Ni na haifi Tanimu. Nomau kuwa ya dawo tun watan jiya, ciwon ƙafa ne ya tsare shi a wani gari. Kullum nakan gan shi a kasuwa, shi ya sunkuyar da kai, ni in sunkuyar."

Sarki ya dubi waziri, waziri ya dubi ƙasa. Nan sarki ya gane duk fada an sani, tsoronsa ya sa aka ɓoye masa. Ya juyo wajen tsoho, ya ce, "Baba, me zan ba ka?"

"Abin da nake so ba ya hannunka. Amma kabarinsa na bayan ganuwa, wajen tsamiya. Je ka duba."

Sarki ya sa aka ƙone katunan. Ya tashi da ciwonsa, a ƙasa, ba laima ba maroƙi, ya bi tsohon har bakin kabarin. Damina ta riga ta zaizaye gefe guda. Ya durƙusa ya gyara da hannunsa, tsoho na tsaye bai taya shi ba.

Da suka juyo sarki ya ce wa waziri, "Rubuta wannan a ƙofar majalisa: talaka in ya yi kuskure, nadama yake yi, sarki in ya yi kuskure, wani ake binnewa."